Alhaji Malik Shabazz: Mutumin da Aikin Hajji Ya Sauya

A kowace shekara cikin watan Maris, jama'a sukan taru a garin Selma na Jihar Alabama ta Amurka, su yi tattaki bisa gadar da 'yan sanda suka lakaɗa wa baƙaƙen fata dūka ran 7 ga Maris, 1965, don sun fito neman 'yancin jefa ƙuri'a. Wata guda kafin wannan rana wani Musulmi ya yi jawabi a cocin da masu fafutikar ke taruwa, amma ajali bai bar shi ya ga tattakin ba. Shi ne Malcolm X.

An haife shi a Omaha cikin 1925. Ubansa mai wa'azin Kirista ne, ya mutu yaron yana da shekara 6. Ya taso cikin lalacewa har aka ɗaure shi a 1946 bisa laifin sata. A kurkuku ya rungumi karatu, ya kuma shiga ƙungiyar Elijah Muhammad, wadda ke kiran kanta Al'ummar Musulunci alhali tana koyar da cewa Turawa shaiɗanu ne, shugabanta kuma manzo ne. Ko ɗan makarantar allo ya san wannan ba Musulunci ba ne. Duk da haka shekara 12 ya yi yana yaɗa wannan aƙida da kaifin harshe.

A 1964 ya fice daga ƙungiyar, ya tafi Makka cikin watan Afrilu. Can ya ga fari da baƙi sanye da harami iri ɗaya, suna ci a akushi ɗaya, suna kwana wuri ɗaya. Mutumin da ya yi suna da zagin Turawa sai ya fito fili ya ce ya yi kuskure, zalunci hali ne, ba launin fata ba. A ganina wannan ya fi duk jawabansa wuya. Daga nan ya biyo ta Nijeriya, inda ɗalibai Musulmi a Jami'ar Ibadan suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida.

Ran 21 ga Fabrairu, 1965, aka harbe shi a birnin New York gaban matarsa da 'ya'yansa, yana da shekara 39. An ɗaure 'yan tsohuwar ƙungiyarsa uku, amma a 2021 kotu ta wanke biyu daga cikinsu. Wani malami ɗan Sudan, Shehu Ahmad Hassun, shi ya yi masa wanka da sutura. Allah ya jiƙansa, amin.