Walter Plowright, likitan dabbobin da ya karya lagon cutar bushiya

Shanun da ake kaiwa Abbatuwa a Jos yau ba su san bushiya ba, annobar da a da kan shafe garken makiyayi cikin 'yan kwanaki. Akwai hannun Walter Plowright a wannan sauƙi. An haife shi a Ingila a 1923, ya kuma yi aiki a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kafin ya koma Muguga a Kenya. A can ya yi ta renon ƙwayar cutar a ƙwayoyin ƙodar maruƙa har ƙarfinta ya dushe, ta zama rigakafin da allura ɗaya ke kare saniya tsawon rayuwarta. Ya rasu a 2010, shekara guda kafin a ayyana kawar da cutar daga doron ƙasa.