Abdulkarim, Baturen da Ya Karanta Duwatsun Sahara

'Yan uwa ɗalibai, a shafin tarihi na wannan mako mun kawo muku rayuwar Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim.

An haife shi a birnin Hambug ran 16 ga Fabrairu, 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Balin, ya kuma iya Larabci. Gwamnatin Ingila ta tura shi Afirka tare da Richardson da Overweg, a 1850 suka taso daga Tarabulus suka shiga hamada.

A watan Yuli na shekarar, cikin wani busasshen kwari a kudu maso yammacin Libiya, ya ga zane sassaƙe a jikin duwatsu. Shanu ne garke guda, a wurin da ko akuya ba za ta ƙoshi ba. Ya lura kuma babu raƙumi a tsofaffin zanen. Ya kwafe su a littafinsa, ya fahimci cewa makiyaya sun zauna nan da shanunsu, lokacin da akwai ruwa da ciyawa, tun raƙumi bai zama abin hawan hamada ba.

Daga nan ya bi ta Agadas, ya iso Katsina da Kano a 1851. Abokan tafiyarsa biyu duk sun mutu a ƙasar Barno, amma bai juya ba. A 1853 ya ratsa ƙasarmu ta Zamfara, ya bi ta Zurmi zuwa Wurno da Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sannan ya wuce Tumbuktu. Ya koma Turai a 1855, ya rubuta labarin tafiyarsa cikin littafi mai juzu'i 5. Ya mutu a Balin ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Binciken baya ya gaskata shi. A shekarar 2000 an gano Gobero a hamadar Tenere ta Nijar, inda aka samu kaburbura kusan 200 a bakin tsohon tafki, ga ƙasusuwan kifi da kada da dorina.

Ke nan makiyaya mai dausayi na iya komawa rairayi. Ƙarancin ruwan sama ne ya kori mutanen da, mu kuwa ga sare itatuwa mun ƙara a kai. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kula da dashen da ke harabar makarantarmu.

Mu haɗu a fitowa ta gaba.