Christian Anfinsen (1916–1995): Masanin da Ya Gano Sirrin Naɗin Furotin

An haifi Christian Anfinsen ranar 26 ga Maris 1916 a garin Monessen na jihar Pennsylvania, Amurka. Iyayensa 'yan asalin ƙasar Norway ne. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1943, a 1950 kuma ya koma cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, inda ya yi aikin da ya fito da sunansa.

Furotin, wanda jikinmu ba ya rayuwa in babu shi, zare ne mai tsawo da aka jera ƙananan sinadarai a kansa kamar duwatsun wuya. Ba ya aiki sai ya naɗe cikin siffarsa ta musamman. To, me ke nuna masa yadda zai naɗe? Wannan ce tambayar da ta hana Anfinsen sakat.

Ya ɗauki wani furotin da ake samu a jikin saniya, mai suna ribonuclease, mai duwatsu 124 da ƙulli 4 da ke riƙe naɗinsa. Ya jiƙa shi cikin ruwan yuriya mai ƙarfi, wato sinadarin nan da ke cikin fitsari, wanda manoma suka sani a matsayin taki, ya ƙara wani sinadari mai kwance ƙulle-ƙullen. Zaren ya warware, aikinsa ya tsaya cik.

Da ya janye sinadaran biyu, sai furotin ya sake naɗe kansa, aikinsa ya dawo kusan baki ɗaya. Akwai hanyoyi 105 da ƙulle-ƙullen za su iya haɗuwa, amma ta daidai ya bi. Da aka bar su suka ƙullu alhali yuriya na nan, sai suka haɗu barkatai, aikin da ya rage bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. Daga nan ya tabbatar cewa umarnin naɗin yana cikin jerin duwatsun kansa.

Iyalan da suka san ciwon sikila sun san nauyin wannan jeri: canjin dutse guda a furotin na jini shi ne mafarin ciwon.

A 1972 aka ba shi kyautar Nobel tare da Stanford Moore da William Stein. Ya koyar a Jami'ar Johns Hopkins daga 1982 har zuwa rasuwarsa ranar 14 ga Mayu 1995, yana da shekara 79.