Walter Rodney, Masanin Tarihin Bayi da Leburori

Walter Rodney malamin tarihi ne, mutumin ƙasar Guyana, wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken halin da bayi da manoma da leburori suka zauna ciki a Afirka da ƙasashen Karibiyan. Shekara 38 kaɗai ya yi a duniya, amma littattafan da ya bari suna cikin waɗanda masu nazarin tarihin ƙwadago ba su iya tsallakewa.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi ranar 23 ga watan Maris na shekara ta 1942 a birnin Georgetown. Guyana tana bakin teku ne a arewacin Amurka ta Kudu, kuma a zamanin nan tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Mafi yawan mutanenta kashi biyu ne: jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, da jikokin leburorin da aka kawo daga Indiya domin noman rake. Mahaifin Rodney tela ne, mahaifiyarsa ma ɗinki take yi. Gidansu gidan siyasa ne, suna goyon bayan jam'iyyar PPP wadda Cheddi Jagan da Forbes Burnham suke jagoranta, har ma tun yana yaro akan aike shi rabon takardun jam'iyya gida-gida. Da idonsa ya ga lokacin da baƙar fata da Indiyawa suka haɗa kai suka ci zaɓen 1953, ya kuma ga yadda Ingila ta turo soja ta rushe gwamnatin bayan kwana 133. A cikin 1955 jam'iyyar ta dare gida biyu, sannu a hankali Indiyawa suka bi Jagan, baƙar fata suka bi Burnham. Wannan rabuwa ita ce ciwon da ya yi ta neman asalinsa har ƙarshen ransa.

Ya yi karatun sakandare a makarantar Queen's College, inda ya yi suna wajen muhawara da wasannin tsalle. A cikin 1960 ya sami tallafin karatu zuwa jami'ar da ke Mona a tsibirin Jamaika, ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a fannin tarihi a 1963. Daga nan ya zarce Landan, makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka. A can ne ya riƙa zama a majalisar dattijo C. L. R. James, marubucin tarihin tawayen bayin Haiti, wanda yakan tara samarin Karibiyan a gidansa suna karatu da tattaunawa.

Binciken gaɓar tekun Gini

Don digirinsa na dokta, Rodney ya zaɓi gaɓar teku wadda ta tashi daga kogin Gambiya ta gangara har kudancin Saliyo, daga shekara ta 1545 zuwa 1800. Da yake mafi yawan takardun wannan zamani ƴan kasuwa da limaman Kirista na Fotugal da Sipaniya ne suka rubuta su, sai ya koyi harsunansu, ya tafi ya zauna a ma'ajiyar tsofaffin takardu ta Lisbon da ta Sebil yana tono. Ya gama a 1966 yana da shekara 24, aka buga aikin a Oxford a 1970.

Abin da ya fito da shi ya tayar da ƙura. Turawa da dama sun daɗe suna cewa bauta tsohuwar al'ada ce a Afirka, su dai sun tarar da kasuwa ce suka shiga. Rodney ya duba labaran Turawan farko da suka sauka a wannan gaɓa, ya ce bai ga shaidar tarin bayi masu yawa ba a farkon zuwansu, kuma cinikin teku ne ya haɓaka bautar cikin gida har ta kai yadda aka same ta a ƙarni na 18. Duk da haka bai wanke sarakuna da attajiran Afirka ba. Ya nuna yadda suka haɗa baki da masu jiragen ruwa, suka karkatar da shari'a har ƙaramin laifi ya zama sanadin sayar da mutum, talaka kuwa shi ne hajar. Masanin tarihi J. D. Fage ya ja da shi a kan wannan, kuma masana sun ci gaba da muhawarar shekaru masu yawa.

Daga Jamaika zuwa Darussalam

Bayan ya koyar na ɗan lokaci a Tanzaniya, ya koma Jamaika a farkon 1968 domin koyar da tarihin Afirka. Bai tsaya cikin harabar jami'a ba. Yakan shiga unguwannin talakawa na Kingston, ya zauna a ƙasa tare da marasa aikin yi da mabiya Rastafari, ya faɗa musu labarin daulolin Afirka, shi kuma ya saurari nasu. Gwamnatin Hugh Shearer ba ta ji daɗin wannan ba, ko da yake shi kansa Shearer daga ƙungiyar ƙwadago ya taso. A watan Oktoba na 1968 Rodney ya tafi taron marubuta baƙar fata a Montreal ta Kanada, da ya komo ranar 15 ga wata aka hana shi sauka. Kashegari ɗalibai suka fita zanga-zanga, talakawan gari suka shigo, abin ya zama tarzoma, aka yi asarar rayuka da dukiya. Jawaban da ya yi a wannan lokaci an tara su an buga a 1969.

Ya sake komawa jami'ar Darussalam, inda ya zauna har 1974. A zamanin nan Julius Nyerere yana gwada manufar ujamaa, kuma birnin ya zama masaukin ƴan gwagwarmayar neman ƴanci na Mozambik da kudancin Afirka. A can Rodney ya yi nazarin leburorin ci-rani na Tanganyika a zamanin Turawa, a can kuma ya rubuta littafin da ya fi yi masa suna, wanda ya fito a 1972, mai bayanin yadda Turai ta tauye ci gaban Afirka. Jigon littafin shi ne arzikin Turai da talaucin Afirka igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ya bi sawun ƙarfin ƴan Afirka da ya ƙare a gandayen Amurka, da aikin tilas, da harajin da ya tura manomi noman gyaɗa da auduga, da hanyoyin jirgin ƙasa waɗanda aka shimfiɗa daga ma'adinai zuwa bakin teku ba don haɗa gari da gari ba. Ya ambaci kamfanonin CFAO da SCOA, waɗanda dattawan Maraɗi da Damagaram suka san kantunansu tun zamanin cinikin gyaɗa, cikin masu sayen amfanin gona da arha su sayar da kayan Turai da tsada. Wasu masana sun ce ya ɗora wa baƙi nauyin da ya wuce kima, ya rage na cikin gida. Amma littafin ya shiga hannun ɗalibai da ƴan sandika a ko'ina cikin Afirka, domin an rubuta shi ne da harshen da mai ƙaramin karatu zai gane.

Komawa gida

A cikin 1974 jami'ar Guyana ta ba shi kujerar farfesan tarihi. Kafin ya kama aiki, hukumar jami'ar, wadda gwamnatin Burnham ke da rinjaye a cikinta, ta soke naɗin. Yana iya komawa waje ya sami aiki cikin sauƙi, amma ya zaɓi zama, yana ciyar da iyalinsa da ɗan abin da yake samu daga laccoci a jami'o'in Amurka da Jamus. Ya shiga ƙungiyar WPA, wato haɗin gwiwar ma'aikata, wadda burinta shi ne ta haɗa leburorin rake Indiyawa da ma'aikatan ma'adinai da na ofis baƙar fata a kan buƙata ɗaya. A cikin wannan hali ne ya rubuta tarihin ma'aikatan Guyana daga 1881 zuwa 1905.

Tarihin ma'aikatan Guyana

Littafin bai fara da gwamna ko majalisa ba, da laka ya fara. Gaɓar Guyana, inda ake noman rake, tana ƙasa da teku idan ruwa ya cika. Sai an yi ganuwa ta gaba don tare ruwan gishiri, an yi ta baya don tare ruwan fadama, sa'an nan a haƙa magudanai a tsakani. Kowace hekta 260 ta rake tana buƙatar fiye da kilomita 100 na magudanai da hanyoyin ruwa. Rodney ya kawo ƙiyasin da ke nuna cewa bayi sun kwashe laka mai nauyin tan miliyan 100 da shebur kafin ƙasar ta nomu. Ma'anar lissafin ita ce ƙasar da masu gandu suke tunƙaho da ita, hannun bawa ne ya ƙwato ta daga ruwa.

Da bauta ta ƙare sarai a 1838, ƴantattun bayi suka haɗa kuɗi suka sayi tsofaffin gandaye suka kafa ƙauyuka, irin su Victoria a 1839 da Buxton a 1840. Suka fara ciniki a kan ladan aikinsu, har suka yi yajin aiki a 1842 da 1848. Masu gandu suka nemi mafita daga waje. Tsakanin 1838 da 1917 an shigo da mutane wajen 239,000 daga Indiya, ban da ƴan Madera da Sinawa. Lebura Ba'indiye yakan sa hannu a kan yarjejeniyar shekara biyar, ba shi da ikon barin gandu sai da takardar izini, in ya ƙi fita aiki kuwa ba kora ba ce hukuncinsa, gidan kaso ne. Wani kashi na kuɗin shigo da su daga baitulmali yake fita, wato daga harajin da su ƴantattun bayin suke biya. Ta haka aka sa mutum ya biya kuɗin kawo wanda zai karya masa lada.

Rodney ya nuna cewa a nan ne tushen ƙiyayyar yake. Baƙar fata ya ɗauki Ba'indiye a matsayin mai ɓata kasuwar ƙwadago, Ba'indiye kuma an cusa masa cewa baƙar fata malalaci ne, alhali maigida ɗaya ne yake cin gumin kowa. Ya kuma lura cewa a tsawon waɗannan shekaru faɗan da kowane ɓangare ya yi da masu gandu ya fi wanda suka yi da juna yawa nesa ba kusa ba. Da farashin sukari ya faɗi a 1884, saboda sukarin da Turai ta shiga yi daga wata saiwa da take nomawa a gida, sai aka zabtare lada. Mutane suka bazu neman abinci, waɗansu cikin daji haƙar zinariya, waɗansu noman shinkafa, waɗansu dako a tashar jiragen ruwa.

Littafin ya ƙare da tarzomar 1905. A ƙarshen watan Nuwamba ƴan dakon tashar Georgetown suka ajiye aiki suna neman ƙarin lada, leburorin gandayen kusa suka bi su. Ranar 1 ga watan Disamba ƴan sanda suka buɗe wuta a gandun Ruimveldt, gari ya rikice, kafin dare mutum 7 sun mutu. Ba a sami ƙarin lada ba, domin babu ƙungiyar da za ta riƙe yajin, kuma mafi yawan Indiyawan da ke ɗaure da yarjejeniya ba su shiga ba. Amma cikin matasan da suka yi yajin akwai Hubert Critchlow, wanda ya kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar a 1919.

Ƙarshensa

Ranar 11 ga watan Yuli na 1979 wuta ta cinye ginin wata ma'aikata wadda ofishin babban sakataren jam'iyya mai mulki yake cikinta. Aka kama Rodney da waɗansu abokan tafiyarsa, aka tuhume su da sa wuta. Da aka ba da belinsa ya shiga yin taro a kan tituna, jama'a na kowane jinsi suna cika wuri, WPA kuma ta zama cikakkiyar jam'iyya. An kashe waɗansu ƴaƴanta, an kuma gargaɗe shi ya bar ƙasar, ya ƙi.

Daren Jumma'a 13 ga watan Yuni na 1980 yana cikin mota tare da ƙanensa a Georgetown, riƙe da na'urar oba-oba wadda wani sajen soja mai suna Gregory Smith ya ba su. Ashe an dasa bam a ciki. Ya tashi a kan cinyarsa, nan take ya cika, ƙanen ya tsira da raunuka. Ya bar mata da ƴaƴa uku. Gwamnati ta ce bam ɗin nasa ne, ya ɗauko shi don ya fasa gidan kaso. Smith kuwa aka fitar da shi daga ƙasar, ya zauna a Guyana ta Faransa har ya mutu a 2002.

Littafin ma'aikatan Guyana ya fito a 1981, a shekarar da ta biyo kuma ƙungiyar masana tarihi ta Amurka ta ba shi lambar yabo. Gaskiyar mutuwarsa ta fi haka jinkiri. Sai a 2014 aka kafa hukumar bincike, wadda ta miƙa rahotonta a 2016. Ta ce Smith ba shi kaɗai ya yi aikin ba, da hannun jami'an tsaron ƙasa a ciki, kuma Burnham, wanda ya mutu tun 1985, yana da masaniya. A cikin 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yanke wa ƙanensa kan mallakar abin fashewa, gwamnati kuma ta ba da sanarwar gyara takardar mutuwar Rodney, a cire haɗari a rubuta kisan gilla. Ma'ajiyar tsofaffin takardu ta ƙasar Guyana, inda ya tono labarin masu shebur da masu adda, sunansa take ɗauke da shi tun 2008.