Kikunaye Ikeda, mutumin da ya samo farin magi

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata, duk wanda ke kasa kayan miya a kasuwar Dole ta Damagaram ko a Gaffati ya san farin magi. Yau mun kawo muku tarihin wanda ya samo shi.

An haifi Kikunaye Ikeda a birnin Kiyoto na ƙasar Japan a shekarar 1864. A 1899 ya tafi Jamus ƙaro ilimin haɗa sinadarai. Can ya ga Jamusawa majiya ƙarfi, mutanen ƙasarsa kuwa abincinsu bai kai ba, abin ya tsaya masa a rai. Da ya komo gida ya zama malami a jami'ar Tokiyo, sai ya lura da wani gardi a romon ganyen teku da ake dafawa a gidansa, wanda ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba gishiri ba, ba ɗaci ba. A 1908 ya tace sinadarin da ke ba da wannan gardi, sunansa gulutamat. A 1909 shi da wani attajiri mai suna Suzuki suka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto.

To amma da alkama ake yin sa a lokacin, ga tsada ga wahala. Ikeda ya rasu a 1936 bai ga sauƙin da ya biyo baya ba. Sai a 1956 wani ɗan ƙasarsu, Kinoshita, ya gano ƙwayar bakteriya wadda in an ba ta suga take fitar da gulutamat. Daga nan masana'antu suka koma ga abin da ya fi araha a gona: ragowar ruwan rake bayan an cire suga, da garin rogo, da na masara. Shi ya sa ake ƙulla shi na kuɗi kaɗan.

Mu dai wannan aiki bai zama baƙo gare mu ba. Mai daudawa da ke dafa kalwa ko ƴaƴan yakuwa ta rufe su kwana biyu zuwa uku, bakteriya ce ke mata aiki, gardin daudawarta ma gulutamat ne. Abin da ke damunmu shi ne rake da rogon fadamun Matamai da Magarya: in sun yi yawa farashi ya faɗi a kan manomi, farin magin kuwa daga waje ake kawo mana shi.