Abdullahin Gwandu: Wazirin Shehu da ya bar runduna ya nufi Makka, Kanawa suka tare shi

Maniyyacin da ya fito daga Gwandu ko Kalgo a yau, mota ce za ta kai shi filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Daga nan awa biyar ko kusa da haka, sai ga shi a ƙasa mai tsarki.

A shekarar 1807 wani mutumin Gwandu ya ɗaura niyyar yin wannan tafiya ta ƙasa, ta cikin daji, shi da mutum biyar kacal. Kuma ba wani baƙon malami ba ne da babu wanda zai nemi inda ya shiga. Sheikh Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ƙanen Shehu Usmanu kuma babban wazirinsa, mutumin da ya jagoranci rundunar Jama'a a Tafkin Kwatto, ya kuma ci Birnin Kebbi da yaƙi.

Bai isa Makka ba, har ya bar duniya. Amma wanda bai san labarin wannan tafiya ba, da wuya ya gane Abdullahin Gwandu.

Gidan da ake begen gabas

An haifi Abdullahi wajen 1766, kimanin shekara 12 bayan yayansa Shehu. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: Malam Muhammadu Fodiyo da Hauwa'u, daga Fulani Toronkawa. A Degel ya tashi. Mahaifinsa ne ya karantar da shi Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi a hannun Shehu. Daga baya ya jera sunayen malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu cikin littafinsa Ida'un Nusukh.

Cikin waɗannan malamai akwai waɗanda suka taka hanyar Makka suka dawo. Akwai Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda ya karantar da Sahihul Buhari. Akwai kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya yi hajji sau biyu. Shehu da kansa ya taɓa bin Malam Jibrilu har Agadas, amma ya juyo saboda bai samu iznin mahaifinsa na wucewa ba.

Ke nan Abdullahi ya girma a gidan da ake jin labarin Makka da Madina daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, ake kuma yawan begen Annabi (SAW) a waƙe. Shi kuwa gwanin waƙar Larabci ne tun yana saurayi, har daga baya aka riƙa yi masa laƙabi da Balaraben Sudan.

Kusan shekara 20 ya yi yana bin Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara da Gobir. Lokacin da wani malami, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar wa'azin Shehu, Abdullahi aka sa ya ba da amsa, ya kuma kafa hujja cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni.

Daga Gudu zuwa kwarin Gwandu

A Fabrairun 1804 Jama'a ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu, bayan dangantaka ta lalace da Sarkin Gobir Yunfa. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto. Gobirawa na da dawaki da sulke da taimakon Buzaye, Jama'a kuwa yawancinsu 'yan baka ne, dawakinsu ba su wuce 20 ba. Duk da haka suka yi nasara.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaci. A Tsuntsuwa, ƙarshen wannan shekarar, an kashe wa Jama'a kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Ga yunwa, ga cuta.

A 1805 Abdullahi ya jagoranci yaƙin da aka ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya tsere. Wannan ne ya buɗe wa Jama'a hanyar komawa Gwandu, wani ɗan kwari mai ruwa da ni'ima da tuddai suka kewaye, wanda ake cewa sunansa ya samo asali daga gandun Kanta.

Ba su gama zama ba aka taso musu. A ƙarshen 1805 aka yi karon Alwasa, inda Jama'a ta sake asarar kimanin mutum 1,000, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, garin da ko ganuwa ba shi da ita a lokacin. Da ƙyar aka kore su, duwatsun wurin suka taimaka wa 'yan baka a kan masu dawaki da raƙuma.

Akwai wani abu da ya faru kafin Alwasa da ya fi shan kashin kansa ƙona wa Abdullahi rai. A kan hanya rundunar ta auka wa wani gari da ke zaman amana da Jama'a, aka shiga wasoso. Abdullahi ya yi ƙoƙarin hanawa.

A nan matsalar take. Almajiran Degel, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka fito, su ne ke gaba a kowane fage, su ne kuma ke mutuwa. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ce ta kawo su.

Kwana uku ba su ga ɗan Adam ba

Wajen Oktoban 1807 runduna ta tashi daga Gwandu za ta Alƙalawa, babban birnin Gobir. Abdullahi na ciki, yana da shekara 41 ko kusa da haka. A kan hanya ya yanke shawara. Ya zame daga rundunar, ya juya fuskarsa gabas.

Shi da kansa ya ba da labarin cikin Tazyinul Waraƙat, wanda ya rubuta a 1813. Ya bayyana cewa mutanen kirki sun ƙare, waɗanda suka rage kuma hankalinsu ya koma kan mulki da muƙami da tara dukiya da ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma. Ya koka da yadda aka yi watsi da masallatai da makarantu, da cin dukiyar da ba ta halatta ba, har da sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi. Bai kuma tsame kansa daga zargin ba, ya ce yana ganin canjin har a zuciyarsa.

Shi da abokan tafiyarsa biyar suka yi kwana uku a daji ba su haɗu da kowa ba, ba su ga sawun komai ba sai na giwaye, kafin su fito inda mutane suke.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke gabansu da sun zarce. Tsakanin Gwandu da Makka kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, alhali babu hanyar da ta miƙe. Alhazan wancan zamani hanya biyu suke bi. Ko dai su yi arewa ta Agadas da duwatsun Azbin, su ratsa hamada zuwa Fezzan da Masar, ko su yi gabas ta Borno da Wadai da Darfur, su tsallake kogin Nilu, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Mutum kan tsaya ya yi noma ko koyarwa ko ɗinki don ya samu guzurin zango na gaba. Wasu su mutu a hanya, wasu 'yan fashi su kama su su sayar, wasu su yi aure su zauna. Shi ya sa mai tafiya hajji kan yi sallama da iyalinsa kamar wanda ba zai dawo ba.

Shekarar da Abdullahi ya zaɓa ma ba ta da daɗi. Borno na dab da faɗawa yaƙi da masu jihadi, kuma a 1808 aka ci Birnin Gazargamu. A Hijaz kuma daular Saudiyya ta farko ce ke riƙe da Makka, har an mayar da ayarin alhazan Sham baya a 1807.

Wasu za su kira abin da ya yi gudu daga fagen fama. Ban ga alamar tsoro a ciki ba. Mutumin da ya tsaya a Tafkin Kwatto da Alwasa ba kibiya yake gudu ba. Ya yi hijira daga Degel don ya bar zalunci, sai ya ga zaluncin na tsirowa a cikin gida, ya ga babu abin da ya rage masa sai wata hijirar.

Abin da ya tarar a Kano

Da ya isa Kano ba a daɗe da korar Sarki Alwali ba, Malam Sulaimanu ne a kan gado. Jagororin jihadin Kano ba su gama daidaita tsakaninsu ba. Suka ƙi barin Abdullahi ya wuce, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a.

Da farko ya ƙi. Ya gaya musu cewa abin da ya gani a wurinsu shi ne ainihin abin da ya baro a baya. Suka nace, ya haƙura.

A wannan zama ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, littafin da ya yi bayanin hijira, da naɗa shugaba da wajibansa, da naɗa mataimaka da alƙalai, da hukuncin yaƙi, da yadda ake gudanar da shari'a. Ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. A cewarsa mutanen sun tuba, har suka farfasa kayan kiɗan da ya same su da su, gangunan aka mayar da su abin zuba wa dawaki abinci.

Daga nan bai ci gaba ba. Ya juya yamma, ya koma wurin Shehu.

Liya'ul Hukkam ya zama ɗaya daga cikin littattafan da sarakuna da alƙalan daular suka riƙa dogaro da su, har yau kuma ana nazarinsa a jami'o'i. Da Kanawa sun bar shi ya wuce, wataƙila da Makka ta samu malami, ƙasar Hausa kuwa ta rasa mai yi wa sarakunanta burki.

Ya dawo, bai sauya ba

A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Abdullahi ya koma fagen daga, ya kai yaƙi har tsallaken Kwara. Da Shehu ya koma Sifawa, shi ya zauna a Bodinga kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba ragamar mulki: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi.

Amma tsaurinsa na nan. Ya saɓa wa Shehu kan wasu mas'aloli, irin su amfani da laƙaban sarauta, da kiɗa, da sa tufafin ƙawa. Shehu na ganin a sassauta wa jama'a inda malamai suka yi saɓani, Abdullahi na ganin ta nan ne sarautar gargajiya za ta dawo da sabuwar riga. Da alƙalami suka yi muhawarar, kowa ya rubuta littafi ya kawo hujjarsa, ba a ji wa da ƙane sun raba gari ba.

Ya kuma matsa wajen cewa mulki ba gado ba ne, a zaɓi wanda ya cancanta. Wannan ya sa abin da ya faru a 1817 ya yi masa nauyi. Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu. Kafin Abdullahi ya iso daga Bodinga an yi wa Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Bai ja daga ba. Ya wuce Gwandu.

Shekaru aka yi ana zaman doya da manja, har tawayen Kalambaina, kusa da Gwandu, ya tsananta wajen 1820. Bello ya kawo ɗauki aka murƙushe shi. Ana ba da labarin cewa da suka haɗu Bello ya yi haramar saukowa daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Bayan haka ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Tafsirinsa Liya'ut Ta'awili ya riga ya kammala shi tun wajen 1816, sai ya sake yin wani mai sauƙi, Kifayatu Du'afa'is Sudan, saboda ɗaliban da na farkon ya yi wa zurfi. Yana da Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, ban da littattafan fiƙihu da na tarbiyya masu yawa.

Yana raye Alhaji Umarul Futi ya ratso ƙasar Sakkwato daga yammacin Afirka a kan hanyarsa ta Makka, ya kuma isa. Shehu da Bello da Abdullahi kuwa, babu ɗayansu da Allah Ya nufa da zuwa.

Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829 bisa lissafin da ya fi yaɗuwa, yana da shekara 60 da 'yan kai. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sai Halilu, wanda a zamaninsa Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, ya kuma samu kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tumbutu, a hannun malaman garin.

A zamanin Turawa fadar masarautar ta koma Birnin Kebbi, inda take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, kuma zuriyarsa ce ke sarauta har yau a kan ƙananan hukumomi 10, ciki har da Kalgo da Jega da Bunza da Aliero. Kabarinsa kuwa yana nan a hubbarensa a garin Gwandu, inda masu ziyara ke zuwa daga sassan Najeriya da Nijar su yi masa addu'a.