Muhammadu al-Katsinawi, malamin da ya ƙidaya haruffa

Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Daga Katsina ya fito, ya yi karatu a hannun Malam Muhammad al-Wali, wanda ake dangantawa da Bagirmi da Borno, sannan ya sauke farali ya zauna a Masar.

Fanninsa shi ne ilimin haruffa da hatimi, kuma a kansa ya rubuta Bahjat al-Afaq. Ginshiƙin fannin shi ne hisabi, inda kowane harafin Larabci yake da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4. Sunan Muhammad, mim 40, ha 8, mim 40, dal 4, ya tashi 92.

Sai dai jadawalin ba ɗaya ba ne. Harafin sin 60 ne a lissafin Gabas, amma 300 ne a na Magariba, wanda malaman Borno da ƙasar Hausa suka gada. Duk wanda ya warware ramzin shekara da jadawalin da ba nasa ba, to ya ɓata tarihin.

Kwamfuta ma haka take aiki. A tsarin ASCII na 1963, A ita ce 65, kuma ba a tanadar wa ƙ, ɗ da ɓ gurbi ba. Unicode ne ya ba ƙ lamba 409. Shi ya sa sunan ma'aikaci mai ɗauke da ƙ yakan fito da alamar tambaya a takardar albashi idan tsohuwar manhaja ce ta karanta shi.